Binciken Asali a Perry Barr

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da 'yar farina, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ƙananan biyu na bar wa babansu suna barci. Cheetham Hill, unguwarmu a Manchester, a wannan lokacin ba ka jin komai, shagunan sari duk ƙofofin ƙarfensu a sauke, sai jiƙaƙƙun kwalaye a bakin titi, ga yayyafin nan na garin da ba ya sauka kuma ba ya ɗaukewa. A jakata akwai sallaya, da robar dambun nama, da ƙaramar buta, da wani fom mai shafi huɗu da ya yi sati uku yana hana ni sukuni.

Masu ta tambayata ta waya me ya kai ni Birmingham, ga amsarku gaba ɗaya, don na gaji da maimaitawa.

Akwai wata ƙungiya da ke shiga makarantu tana neman yaran da babu wanda ya taɓa zuwa uni, wato jami'a, a gidansu, ta nuna musu hanya. Sun zaɓi yarinyar nan, mai shekara sha bakwai, ta je ta yi kwana biyar a wata jami'a a Birmingham lokacin hutun bazara, ta kwana a ɗakin ɗalibai, ta shiga aji, ta ga yadda abin yake. Amma sai uwa ko uba ya cika fom ya sa hannu, kuma Litinin ce ranar ƙarshe. In ba mu kai ba, a ba wani gurbin. Babanta ya ce shi daga siton da yake aiki sai gida ya sani, duk abin da na yanke shi ke nan. Ni kuwa aji biyar na firamare na tsaya, Turancina na kasuwa ne da na wajen GP, likitan unguwa.

Da na kai maganar wurin wata babbar Hajiya da muke girmamawa a nan Manchester, matar likita, ko kallon takardar ba ta yi ba. Ta ce, "Waɗannan masu ƙungiyoyi ai waɗanda suka rasa aikin kirki ne. Ki bar yarinya ta yi kwas ɗin kula da tsofaffi ta fara taimaka muku. Kuma ke in kin je me za ki tambaya? Da wane bakin?" Na ce na gode, na sha lemona, na taso. Amma maganar ta tsaya mini a rai. A gidanmu ko akuya za a ba mutum kiwo sai an san ɗan wane ne, me yake yi a da, me ya raba shi da inda ya baro. Shi ne na ce zan je ranar da suka ware wa iyaye in yi binciken asalinsu da kaina, da wannan bakin dai.

Ƙungiyar ta ce za ta biya mana kuɗin mota. Na ce a'a. Wanda za ka je bincikensa ba ka hawa motarsa. Da kuɗin ɗinkina yarinyar ta yanko mana tikiti ta waya.

A tashar manyan bas na sayi shayi kofi ɗaya kusan fam uku, ruwan zafi da ganye kawai, na sha ina jin haushi har ƙasan kofin. Muka hau. Ita ta toshe kunnuwa da abin jin waƙa, ta juya fuska taga. Tun ranar da aka kira iyaye makarantarsu, wata biyu da suka wuce, take wannan shan ƙamshin, ni kuma ban san dalili ba, na bar shi a ƙuruciya.

Hanya lafiya lau, ba rami ba ɗan sanda mai tsayar da kai. Abin da har yanzu ban saba da shi ba shi ne tumakin ƙasar nan, garke guda a fili kore shar, babu makiyayi babu kare, babu kuma mai sha'awar ɗauka. Ina ta lissafin abin da zai iya samun yarinya mace a garin da ba ta da kowa: ta ɓata, ta ci abin da bai halatta ba, ta haɗu da ƙawayen banza, ta dawo tana ganin mu ƙauyawa ne. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai, gara in faɗi gaskiya.

Dab da shiga Birmingham akwai wani wuri da gadoji suka hau kan juna, wannan ta bi ta ƙarƙashin waccan, kamar an zubar da tukunyar taliya. Ni rufe ido na yi ina salati. Ita kuwa sai ta cire abin kunnenta, ta manna goshi a gilashi, ta hau yi mini bayani da Hausarta mai gauraye: yadda kowane ginshiƙi yake ɗaukar nauyi ya miƙa wa ƙasa, da dalilin da ake barin 'yar tsaga tsakanin sassan gada don ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. Fuskarta har wani haske take. Zuciyata ta cika fal. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Zauna da kyau, gyara mayafinki." Ta mayar da abin kunnenta.

Daga tashar Digbeth muka taka zuwa tsakiyar gari muka hau bas ɗin unguwar Perry Barr. Mutanen Birmingham suna jan magana ta hanci kamar masu mura, direban ya maimaita mini abu sau uku ban kama ko ɗaya ba. Perry Barr kuwa manyan tituna ne da wata babbar cibiyar shaguna, da dogayen gidajen ɗalibai masu ƙananan tagogi iri ɗaya. Ofishin ƙungiyar yana saman wani shagon kafet. Na zaci zan ga gilasai da kujerun fata. Kujerun roba ne, da butar shayi mai tsatsa a gindi, da biskit a faranti. Iyaye sun kai ashirin: 'yan Somaliya, 'yan Pakistan, wasu mata 'yan kudancin Najeriya, da wani Bature mai zane a fatar wuyansa wanda ya fi ni tsorata.

Ma'aikata uku suka yi bayani. Da aka zo tambayoyi, wani ya tambayi kuɗin makaranta, wata ta tambayi abincin halal. Na ɗaga hannu. Na ce wa yarinyar ta fassara: kowannensu ya faɗa mini aikin da yake yi kafin wannan, da abin da ya raba shi da shi. Ta zaro ido ta ce, "Mama, please, ba a tambayar mutane haka." Na ce to. Na miƙe na faɗa da Turancina mai karyayyar ƙafa. Sai wani Bature mai sanƙo a cikin ma'aikatan, ya haura hamsin, ya fashe da dariya ya ce shekararsa tara a nan babu wanda ya taɓa tambayarsa, kuma da shi ne uban, da wannan tambayar zai fara.

Shi direban bas ne a da, a garin nan. Yana ɗan shekara sha shida ya bar makaranta. Wata rana 'yarsa ta kawo masa irin wannan fom ɗin, ya duba bai gane rabinsa ba, kunya ta hana shi tambaya, ya tura shi bayan firij ya ce ya ɓata. Yarinyar ba ta je ba. Sai bayan shekaru, suna tashi daga gidan, ita da kanta ta ja firij ɗin ta gani. Ya ce kallon da ta yi masa shi ya kai shi ajin manya na yamma, daga nan uni, ya fito da digiri yana da arba'in da wani abu. Ya fara zuwa ƙungiyar kyauta ranar da ba ya tuƙi, har suka ɗauke shi. Yanzu shi ke horar da masu zama da yara suna ba su shawara. Yarinyata tana fassara mini ƙasa-ƙasa, da ta zo kan firij sai muryarta ta canza. Nawa fom ɗin ƙarƙashin keken ɗinki ya yi sati uku, kuma ta sani.

Ta biyun budurwa ce baƙa, kakanninta daga Jamaika. Ita ta cikin shirin ta biyo tana 'yar sakandare. Ta karanta tarihi, tana uni tana aikin zagayawa da yara masu kawo ziyara, ta gama ta shiga wani banki amsa waya shekara biyu, ta ce kullum ji take kamar an rufe ta a kwali, ta dawo. Ba ta ɓoye ba, ta ce albashin bai kai na bankin ba, kuma duk shekara sai masu ba da tallafi sun sake amincewa kafin ta san ko tana da aiki. Wannan ya kwanta mini. Mai faɗa maka ƙarancin abin hannunsa a bainar jama'a ba zai wahalar da kansa ɓoye maka sauran ba.

Ta ukun, shugabar shirin, tun shigowarmu nake kallon ɗaurin ɗankwalinta ina zargi. Da ta gama nata da Turanci sai ta juyo ta ce, "Maman yara, sannu da hanya, kun sha tafiya." Hausa! Hausar da aka haifa a Birmingham, tana tuntuɓe, amma Hausa ce. Sunanta Malama Safiya, ba za ta girme ni ba. Mahaifinta likita ne, mutumin Katsina. Ta karanta haɗa magunguna don shi ya zaɓa mata, ta yi shekara uku a bayan kanta tana miƙa ƙwayoyi, ta ajiye ta koyi koyarwa, ta koyar da kimiyya a wata sakandare. A can ta ga yara masu ƙwaƙwalwa suna faɗuwa, ba a jarrabawa ba, a wajen takardu da ranakun rufewa da rashin wanda zai ce musu ga ƙofa. Shi ne ta baro aji ta zo nan. Ta ce, "Har yau in aka tambayi Baba aikina, cewa yake ina harkar magani." Muka yi dariya mu biyu kaɗai a ɗakin.

To Hajiya, kin ji waɗanda suka rasa aikin kirki. Duk cikinsu babu wanda aka kora. Kowanne da ƙafarsa ya fito daga inda ake biyansa fiye da nan.

Daga nan aka ɗebe mu a ƙaramar bas aka kai mu ganin ɗakunan kwanan. Na murɗa kowane makulli, na leƙa ƙarƙashin gado, na tambayi wa ke kwana a ɗakin bakin ƙofa. Ma'aikaciya mace, kuma ɓangaren mata daban yake. Na shiga banɗaki na fito da butata na ajiye a gefe, in gani ko za a ce wani abu. Malama Safiya ta buɗe wani kabad ta nuna mini butoci jere, kala-kala. Ta ce iyaye mata irina ne suka bar su, shekara bayan shekara. Na mayar da tawa jaka, ba na son a ce ban da tsari.

Na ɗauka bincike ya ƙare, saura sa hannu. Ashe nawa binciken ne bai fara ba.

Da muka koma ofis ta shigar da mu wani ɗan ɗaki, ni da yarinyar, ta buɗe fom ɗin. Shafi uku yarinyar ta cika da kanta. A na huɗu akwai wani fili da aka ce uwa ko uba ya faɗi, da bakinsa, abin da ya gani a wurin ɗansa da ya sa yake ganin ya dace. Babu komai a ciki. Yarinyar ta karanta mini shi tun a gida, na ce ta bar shi haka.

Malama Safiya ta ce masu tantancewa suna duba wannan filin sosai, don suna son sanin ko akwai mai tsaya wa yaro a gida. Sannan ta ce akwai kuma 'yar takarda da ta biyo daga makaranta. An rubuta cewa ranar taron iyaye malamin lissafi ya yi ta yabon yarinyar, uwar ta kawar da kai tana kallon bango, ba ta ce uffan ba, ko sunan yarinyar ba ta ambata ba har aka tashi. Suna ganin kamar abin bai dame ni ba.

Jama'a, kun san mu. 'Yar fari ce. Sunan surukata gare ta. Ni da aka haifa a Kano, a gidan da uwata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta koma ga Allah, in zauna gaban wani namiji yana yabon 'yar farina in washe baki in ce e, haka take? Kawar da kan nan da na yi, shi ne iyakar abin da zan iya don kada hawaye ya zubo. Tun da aka haife ta "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ban taɓa tunanin akwai mai karanta wannan a matsayin ƙi ba.

Malama Safiya ta ce, "Na gane tun kafin ku zo. Ni ma 'yar fari ce, Mamana 'waccan' take ce mini. Kada ki damu, zan rubuta musu cewa al'ada ce, alkunya ce, za su karɓa." Har ta ɗauki biro.

Na ji sanyi, na ce Allah ya yi albarka. Sai na juya. Yarinyar tana kallon ƙasa, tana murza bakin mayafi, hawaye na ɗiga a kan siket ɗinta. Ta ce, ba ta ɗago ba, "Ni na ɗauka kina ganin ba zan iya ba ne. Kin bar wurin empty. Ranar nan ma ko kallona ba ki yi ba."

Nan na gane wata biyun nan na shiru. A Cheetham Hill aka haife ta. Ta ga uwayen ƙawayenta suna rungume su a bakin makaranta suna kiran sunansu da ƙarfi. Wa ya taɓa zaunar da ita ya ce mata a wurinmu wanda aka fi so shi ake ɓoyewa? Babu. Ni na zaci a nono ake shan wannan sanin. Takardar Malama Safiya za ta gamsar da masu tantancewa, amma ba su ne ke kuka a gabana ba.

Na ce, "Malama, ajiye wannan bayanin. Rubuta abin da zan faɗa, yadda na faɗe shi, kar ki gyara mini."

Wallahi bakina har ɗaci yake. Na kalli bango, na tuna bangon ne ya jawo mini, na juyo na kalle ta. Na ce tun tana shekara tara take karanta mini wasiƙun council, hukumar gari, ba ta taɓa yi mini dariya ba ko sau ɗaya. Na ce keken ɗinkin da muke ci da shi ya tsaya ana saura kwana shida sallah, kayan mutane jibge, ta kwance shi gaba ɗaya a kan tabarma ta jera kusoshin bisa girmansu, ta gano ɗan haƙorin da ya cinye, ta mayar, har yau yana aiki. Na ce ba ta wuce gada ba tare da ta leƙa ƙarƙashinta ba. Na ce in an ba ta gurbin nan ba alfarma aka yi mata ba, su ne suka yi dace. Malama Safiya ta ce, "Sunan wa zan sa a farkon maganar?" Ta san sunan, yana saman fom ɗin. Na gane abin da take yi. Na faɗa. Sau ɗaya, amma da ƙarfi, har Baturen mai sanƙo ya leƙo ya ga ko lafiya.

Wurin sa hannu kuma ban yi ɗan karcen da na saba ba. Na rubuta sunana cikakke da rubutun allo, daga dama zuwa hagu, wanda shi na iya da kyau. Na bar musu dambun naman.

Yunwa ta kai mu Sparkhill, bas biyu daga can. Titin Stratford Road kamar an ɗauko Kantin Kwari an saka masa rigar sanyi: yadudduka masu walƙiya, shagunan gwal, kayan zaƙi kala-kala a gilashi, ƙamshin gasasshen nama ko'ina, motoci sun cushe babu mai haƙuri. Muka yi sallah a wani masallaci mai ɓangaren mata a sama, muka shiga gidan abinci muka sayi shinkafar 'yan Pakistan faranti ɗaya, ya ishe mu har da saura, kuma bai kai abin da za a caje mu a tsakiyar Manchester ba. Yajinsu ƙamshi ne, ba zafi. Ba mu yi maganar abin da ya faru ba. Sai dai ta tsince naman duka ta turo gefena, na mayar mata, ta sake turowa. Ta ce, "Mama, sake faɗar sunan nan." Na ce, "Ci abincinki, ba kullum ake sallah ba."

A hanyar dawowa ba ta toshe kunne ba. Da muka zo gadojin nan na buɗe idona na ce ta sake yi mini bayanin tsagar, a hankali. Kafin mu wuce tumakin ta yi barci a kafaɗata, abin da rabonta da yi tun tana firamare. Ana kiran magariba a wayata muka shiga gida, muka tarar babansu ya ba yara burodi da shayi tun safe har yamma yana cewa ai sun ƙoshi.

Washegari Hajiya ta kira, an riga an kai mata labari. Ta ce ta ji na je na tsaya gaban Turawa ina yabon 'yar fari har da kiran suna, ina kunyar tamu ta tafi? Na ce, "Hajiya, tana nan, ban yar ba. Amma kunyar da za ta sa 'yata ta kwana tana zaton ban yarda da ita ba, na ajiye ta a Perry Barr tare da butocin mutane." Ta ce Allah ya kyauta. Na ce amin.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Ku je ku tambaya, ko da bakin aji biyar ne, masu gaskiya ba sa jin haushin a tambayi asalinsu. Ku duba bayan firij da ƙarƙashin keke, ku fito da takardun yaranku. Sannan yaran nan da muka haifa a ƙasar nan ba sa jin shirunmu yadda muka ji na iyayenmu, sai an buɗe baki.

Jiya saƙo ya shigo, an tabbatar mata da gurbin. Masu cewa na zubar da al'ada, ku ƙara da wannan a cikin abin da za ku kai gaba: mai tafiya Birmingham da bazara ta koyi gina gada 'yata ce, ta fari, kuma sunanta Rukayya.